Gonar da Alhaji Ba Ya da Ita

Duk faɗin ƙasar Gobir, tun daga Sabon Birni har ka dangana da Isa, babu matalaucin da ya kai Alhaji Hafizullahi kwarjini. Sauran matalauta gadon abin suka yi, ko kuma ya faɗo musu ba shiri, shi ya sa ba su iya shi ba. Sai ka gan su a yamutse, suna ƙorafi, suna zubar wa sana'ar da mutunci. Alhaji kuwa da hankalinsa ya zaɓi talauci, ya shige shi da ƙafar dama, ya kuma riƙe shi da tsafta. Mutanen gari, da yake ba su raina baiwa, suka naɗa masa sarautar Limamin Talauci. Wasu kan ce masa Gagara-Duniya. Yana amsa duka biyun, yana sunkuyar da kai irin na mutumin da yabo ya dama amma zai daure.

Da can ba haka yake ba. Babban ɗan kasuwa ne, mai fataucin wake da albasa ta hanyar Burkusuma zuwa Maraɗi, ya dawo da abin da ya dawo da shi. Yana da mota mai baƙin gilashi, da babbar riga wadda in zai gyara hannunta sai na kusa sun matsa. Ana nan sai hasken shiriya ya sauko masa rana ɗaya. Magulmata, waɗanda ba a rasa su a kowace unguwa, suna cewa wai hasken ya sauko ne a makon da 'yan bindiga suka ɗauke abokin cinikinsa Alhaji Mas'ud daga cikin gidansa, ba su sako shi ba sai da iyalinsa suka sayar da kusan duk abin da ya tara. Suna ƙarawa da cewa wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama da wuta, shi ke shafa wa nasa ruwa. Ni dai ban yarda da wannan zance ba. Shiriya ba ta duba kalanda. Kuma ba laifin Alhaji ba ne don tasa ta zo daidai da lokacin da aka gane akwai infoma a gari, masu kai wa mutanen daji labarin wanda ya ci nama jiya.

Abin da jahilai ba su sani ba shi ne, talauci irin na manya yana da tsada. Sai da aka kai motar Sakkwato aka lulluɓe ta a ɗaya gidan nasa na can. Aka sauko da farantan sola daga saman rufi aka jera su a tsakar gida, inda katanga ta tsare. Aka kira magina suka yaɓe gaban gidan da jar ƙasa a kan siminti, don mai wucewa ya ga gidan ƙasa ya ji tausayi. Wanda ya fi kowa shan wahala shi ne tela. An kai masa yadi sabo fil, aka ce ya ɗinka, ya yage, ya yi faci, kuma kada facin ya yi kyau. An yi ta mayar masa da rigar, saboda hannunsa ya saba da aikin kirki, har sai da ya yi fushi ya ɗinka ta da ganganci. Wannan ce Alhaji ya karɓa, ya ce yanzu ne ya ga tsoron Allah a cikin aikin.

Abu ɗaya ne ya ƙi shiga ɗariƙar, shi ne tumbi. Alhaji ya lulluɓe shi da mayafi, ya koyi tafiya a duƙe, amma tumbin nan yana nan inda ya saba, yana riga mai shi shiga masallaci. Da wani ya yi ƙarfin halin tambaya, Alhaji ya yi ajiyar zuciya ya ce kumburi ne, na yawan shan ruwa a kan yunwa. Matarsa Hajiya Amatullahi ita ke jinyar kumburin. Ta mayar da suya ƙuryar ɗaki, ƙofa a rufe, an toshe ƙasanta da tsumma, domin ƙamshi ma infoma ne. Ƙasusuwan zabi kuwa ba a zubar da su a bola. Rami ake haƙa musu a bayan ɗaki a yi musu sutura yadda ya kamata.

Bayan la'asar yake buɗe majalisa a ƙofar gida, ƙarƙashin dalbejiya, a kan buzu, ga buta, ga 'yar ƙwaryar fura mai tsami wadda ba ya kurɓa sai mutane sun taru. Yawancin masu saurarensa 'yan gudun hijira ne daga Gatawa da ƙauyukan da ke kewaye da ita, waɗanda suka cika kangaye da rumfunan gari. Kada a ce karatun ne kaɗai ya ja su. Inuwar tana da kyau, kuma manomin da ba shi da gona ba shi da wurin zuwa da la'asar.

Alhaji zai lumshe ido, ya ja carbi, ya ce: "Ku 'yan'uwana, ku gode ma Allah. Ni da kuka gani nan na ga duniya, na ga ƙarshenta. Lokacin da nike da dukiya ban san kwana ba. Yanzu da nas saki komi, kwana nika yi awa jinjiri. Ni sai da nay yi yaƙi da zuciyata kahin in rabu da kaya, ku kau an hutasshe ku ba ku wahala ba. Wanda anka ƙone ma rumbu, damuwa anka ƙone mai. Wanda anka kore ma shanu, mi za a sake kore mai? Talaka shi na sarki, don ba shi da abin da za a amshe. Hikima cikin wohin ciki take zamne. Ku riƙe talaucinku da kyau, kada ku bari wani shi raba ku da shi."

Daga nan ya yi gyatsa, a hankali, ya ce astagfirullah.

Malaman zaure na gari, waɗanda suka tsufa suna karantarwa a kan tabarma ɗaya ba su taɓa yi wa haƙurinsu shela ba, sun ce su dai abin da suka gani a karatu shi ne a nemi tsari daga talauci, kuma wadatar zuci daban, yunwa daban. Amma me suka sani? Ba su taɓa yin arziki ba, balle su ɗanɗani daɗin rabuwa da shi.

Cikin masu zama a bakin buzun akwai Kalilu, manomi daga wani ƙauye kusa da Gatawa, ɗaya daga cikin waɗanda aka hutar. An hutar da shi ƙwarai: rumbunansa, shanun huɗarsa, da ƙanensa wanda ya koma ya kwance shanun. Wannan kam ba abin dariya ba ne, ni kaina da nake ba da labarin ba na son tsayawa a kansa. Shi da matarsa Kadijatu da 'ya'yansu suna zaune a wani kango da aka rufe gefe guda da buhuna. Abin da suka fito da shi daga ƙauye bai wuce ƙullin irin gero a cikin tsohon zane ba, wanda Kadijatu ta hana a taɓa ko a ranakun da yara suka kwana da ruwa.

Sarautar da Alhaji ke cewa talaka na da ita, Kalilu bai ji ta a jikinsa ba. Hikimar da yunwa ta koya masa ita ce yadda ake wuce teburin mai tsire ba a juya kai ba. Mutumin da a ƙauyensu ake kira ya raba gardama ya koma mai saurin fushi, yana yi wa yara tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ya san haka, kuma abin yana cin ransa fiye da yunwar. Ga bazara ta yi nisa, hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Gonarsa tana can inda ba a shiga sai an biya mutanen daji, in an biya ma babu tabbas. Idan damina ta wuce irin nan bai shiga ƙasa ba, to iyalinsa sun shiga wata shekarar ta miƙa hannu.

A bayan gari, jifa kaɗan daga gidajen ƙarshe, inda ko mace kan kai abinci ta dawo lafiya, akwai wata gona mai faɗi, jigawa mai kyau, da gawo a tsakiyarta. Kowa ya san ta Alhaji ce. Ya bar ta saura tun da ya saki duniya, domin mai ɗaukar 'yan ƙwadago, mai shigo da dammuna a amalanke, ba ya kama da matalauci. Shirinsa, in ƙura ta lafa, ya yanka ta filaye ya sayar. Kafin nan yakan je ya zauna a gindin gawon ya yi tafakkuri, yana auna tsawonta da ido.

Kalilu ya bi ta hanyar ladabi. Ya sami Alhaji shi kaɗai a zaure, ya durƙusa, ya roƙi aron gonar na damina ɗaya.

Alhaji ya dube shi da idon tausayi. Ya ce: "Kalilu, Kalilu. Ashe duk karatun da nika yi, bisa dutse nika zuba ruwa? Allah ya tsamo ka daga wahala, kai kana son komawa. In na ba ka gona, na ba ka tunanin ruwa, na ba ka tunanin tsuntsu, na ba ka tunanin hwara. Ka cika rumbu ka koma kwana da ido guda. Ni ba ni yi maka wanga zalunci. Tahi ka yi haƙuri, wata rana za ka gode min."

Bai bar shi ya tafi hannu wofi ba, domin Alhaji mutum ne mai alheri. Ya ɓare goro ya ba shi ƙaramin ɓarin.

Da Kalilu ya koma kango ya faɗa wa Kadijatu yadda aka yi, ba ta nuna ta fahimci zurfin karatun ba. Mata kenan. Ta ce: "Malam, dutsen da anka ce mai haƙuri na dahwawa, ɗauko min shi in aza tukunya, ɗiyan ga na jira." Ta dubi ƙullin irin. Sannan ta ce: "Ka tambaye shi cikin mutane. Wanda yah hana ka cikin zaure, ba shi iya hana ka gaban jama'a." Ita a zatonta kunya ce za ta yi aikin. Ba ta san akwai abin da ya fi kunya ƙarfi a jikin Alhaji ba.

Ruwan shuka ya sauka, mai yawa, wanda ya jiƙa ƙasa har ƙasa. Da safe duk mai gona ya saɓa sungumi ya fita. Da la'asar waɗanda ba su da inda za su sara suka taru a gindin dalbejiya, jikinsu a sanyaye, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa yana ƙara musu baƙin ciki. Mai unguwa Sammani ma ya zo wucewa ya tsaya a gaisa. A tsallaken hanya kuma, wurin mai facin taya, wani baƙo ya tsaya da babur, ya naɗe fuskarsa da rawani, ido kawai ake gani. Babu wanda ya san shi. Alhaji ya hango shi tun kafin ya kashe babur ɗin, domin tun da ya sami kwanciyar hankali babu baƙuwar fuskar da ke wuce masa.

Yana tsakiyar bayanin yadda tsuntsu ke fita ba guzuri ya dawo a ƙoshe, sai Kalilu ya miƙe. Muryarsa ta fito da ƙarfi, har ta fi yadda ya yi niyya.

"Allah shi gahwarta Malam, ruwa ya sauka. Na dawo bisa maganag gonarka ta bayan gari, babbar nan mai gawo. Aro nika roƙo, damana guda."

Baƙon da ke tsallaken hanya ya ɗago kai. Carbin Alhaji ya tsaya.

"Gonata?" in ji Alhaji, da ƙarfin da zai ishi tsallaken hanya. "Ni? Jama'a ku shaida, wanga bawan Allah na son shi aza min abin da ban da shi. Ni da ko akuya ban da? In kun ga na taka wurin, tahakkuri yak kai ni, don akwai inuwa. Ban da gona, ban da hili, ban da ko inda kaza za ta yi tono. Buzun ga da butag ga su na dukiyata, su ma in wani na so shi ɗauka."

Babu wanda ya ɗauki butar. Amma mai unguwa Sammani ya gyara tsayuwa a kan sandarsa. Tsoho ne, kuma shi da ƙafarsa ya zagaya iyakar gonar ranar da Alhaji ya saye ta. Wata da watanni ke nan kukan yaran kangaye yana shiga masa kunne, ba shi da abin ba su.

Ya ce: "Alhaji, tsuhwa ta sa ina mantuwa, ka taimake ni. Gonag ga ba taka ba ta?"

Alhaji ya saci kallon rawanin. Ya ce: "Ba tawa ba ta."

"To madalla," in ji mai unguwa. "Tun kakanni, saurar da ba a san mai ita ba, in baƙo ya zo da iri hannu, mai unguwa na ba shi aro har mai ita shi bayyana. Kalilu, gobe ka shiga. Tana da hwaɗi, ku raba da 'yan'uwanka."

Alhaji ya ce alhamdu lillahi, da wata irin murya da ba a taɓa jin sa da ita ba. Baƙon ya biya mai faci ya tada babur ya tafi. Daga baya aka ji ashe mai sayen fatu ne daga Unguwar Lalle, kuma kunnensa ɗaya ma ba ya ji sosai.

Washegari, lokacin da mutanen kangaye suka yi layi a gonar, maza na sara mata na zuba iri suna takewa, Limamin Talauci ya bi ta lungu ya faɗa zauren mai unguwa. Ya ce ai mai unguwa ya san maganar jiya ta fatar baki ce. Mai unguwa ya ce ya sani sarai. Ya ce gyaran ma ba wuya: inda aka ɗaura magana nan ake kwance ta. Alhaji ya zo ƙofar masallaci ran Juma'a, bayan an sallame, ya gaya wa jama'a gonar tasa ce, shi kuwa nan take zai sa a fita.

Ƙofar masallaci ran Juma'a! Wurin da mutanen ƙauyuka ke cika, fuskokin da ba a sani ba sun fi waɗanda aka sani. Kuma wanda ya ce yana da wannan gona, gobe za a tuna da sauran, da gidan Sakkwato, da abin da ke lulluɓe a cikinsa. Gaba kura, baya sayaki. Alhaji ya ce zai yi istihara. Juma'a ta zo yana istihara, ta bayanta ma ta same shi a ciki. Kafin ya gama, gero ya tsiro ya yi kore shar, kuma a ƙasar nan ko mahaukaci ya san ba a tuge shukar mutum. Wanda ya shuka shi ke girbe. Magana zarar bunu ce, Alhaji kuwa da hannunsa ya zare tasa, a gaban shaidu da ya kira da bakinsa.

Daminar ta yi kyau, abin haushi. Gonar da ta huta ta tashi da ƙarfi. 'Yan Gatawa suka yi gayya suka yi noman fari, suka sake tarawa suka yi maimai, mata na kai musu ɗan abin da ya samu. Majalisar la'asar ta rame, sai tsofaffin da ba su iya duƙawa. Alhaji ya sauya darasi, ya koma kan haɗarin kwaɗayin noma da yadda hatsi ke ƙeƙasar da zuciya, amma waɗanda aka yi darasin dominsu suna can suna ƙeƙasar da tasu.

Tafakkurinsa ya ƙaru. Kullum sai ya bi ta gefen gonar, hannu a baya, yana duban karan gero da ya fi shi tsawo, leɓensa na motsi. Masu kyakkyawan zato suka ce zikiri yake yi. Wata rana da tsakar rana ya tarar da Kalilu a gindin gawon, a daidai wurin zamansa, ya yi matashi da ƙotar hauya, yana barci har da minshari. Mutumin da bai mallaki gonar ba, bai mallaki gawon ba, bai ci komai ba sai fura. Alhaji ya daɗe a tsaye yana kallonsa. Shi rabonsa da irin wannan barci tun kafin a ɗauke Alhaji Mas'ud.

Kalilu dai ya lalace, kamar yadda aka yi masa gargaɗi. Ya koma tunanin ruwa, ya koma tunanin tsuntsu, yana tashi da asuba ya duba sama. Ya daina yi wa yara tsawa. Da gero ya fid da kai ya fara ƙosawa, aka gan shi yana gasa musu tumu a bakin kango yana dariya har ana jiyo shi daga hanya. Duniya ta gama haɗiye shi.

A ɓangaren Alhaji kuwa sai karama ta bayyana. Kumburin nan da ya gagari wa'azi ya fara sacewa. Hajiya Amatullahi tana kai zabo ƙuryar ɗaki tana dawowa da shi yadda ta kai. Wuyansa ya fito, idanunsa suka faɗa, rigar facin ta koma tana lilo a jikinsa, har ta yage a inda tela bai yaga ba. Tsofaffin mata in sun gan shi sai su riƙe haɓa, su ce ashe bawan Allah nan da gaske yake, mu ne muka yi ta ɗaukar alhakinsa.

Kaka ta yi, aka yanke gero, aka ɗaure. Dammuna suka tsaya a gonar reras. Mutanen Gatawa ba su saba cin haƙƙi ba, saboda haka suka fara ware ɗan rabon da mai aron gona kan kai wa mai ita, suka jibge a ƙofar mai unguwa. Mai unguwa ya sa aka yi shela a kasuwa da masallaci: mai gonar bayan gari, mai gawo, ya zo ya ɗauki haƙƙinsa. Mai gona bai zo ba. An dai ga Alhaji yana yawan bin ta wannan hanyar, ko da ba ta kai shi inda za shi. Da aka gaji da jira, mai unguwa ya raba wa marayu, ya ce tun da mai ita bai bayyana ba, aron yana nan yadda yake.

Saura haƙƙin Allah. Suka fitar da zakka, dami ɗaya a cikin goma, suka zauna shawarar waɗanda za a kai wa. An ambaci gwauraye, an ambaci makafi, an ambaci waɗanda suka iso gari bayan shuka ta wuce, kowa aka ware masa. Sai wata tsohuwa ta ce kada a manta da malamin nan da ya rame. Kadijatu ta ce ai shi ya kamata a fara kai wa. Ko tausayi ne ya sa ta faɗi haka, ko wani abu daban, ni ban shiga zuciyarta ba. Na dai san ita ta zaɓi damin, kuma ta zaɓi wanda ya fi kowane girma.

Da la'asar aka kawo shi a kan jaki. Majalisa ta cika kamar da, har ta fi, domin lokacin kaka ne, gari cike yake da masu awo da 'yan kwarami da fuskoki iri-iri. Alhaji yana kan buzu, yana bayanin cewa hannun da ba ya riƙe da komai shi ne hannu mafi sauƙi, sai jakin ya tsaya a gabansa. Kalilu ya sauke damin, ya durƙusa.

"Allah shi gahwarta Malam, mun hidda zakka. Munka duba garin ga kaf, ba mu ga wanda yak kai ka rashi ba. Mu dai mun samu aron gona. Kai ko ita ba ka da."

Alhaji ya dubi damin. Ya san ƙasar da ta fid da shi, ya san abin da ya biya ya saye ta. Ya kuma san, kamar yadda duk yaron makarantar allo ya sani, cewa zakka ba ta halatta ga mawadaci. In ya karɓa ya ci haram a gaban Allah. In ya ƙi sai ya faɗi dalili a gaban mutane. Ya ɗaga ido ya bi taron da kallo, fuska bayan fuska, ya ga akwai da yawa da bai sani ba. Gagara-Duniya bai daɗe yana auna wanda ya fi tsoro a cikin biyun ba. Ya miƙa hannu biyu.

"Allah shi amsa," in ji shi. "Allah shi ƙara arziki."

Jama'a suka ce amin. Aka tsaya ana jira a ga an shigar da sadakar cikin gida, kamar yadda aka saba. Matalauci ba shi da yaron gida, kuma babu wanda Alhaji zai yarda ya leƙa bayan zauren nan. Ya tashi ya kama damin, ya ja, damin ya ƙi motsi. Kalilu da mai unguwa suka taimaka, suka ɗaga suka aza masa a ka. Gwiwoyinsa suka lanƙwashe, ƙaiƙayi ya zubo masa a wuya, ya dafe damin da hannu biyu yana neman ƙofa.

Kalilu ya raka shi taku kaɗan, yana tallafe da gefen kayan. Ya ce: "Ka yi haƙuri da kaɗan, Malam, bana mun shiga a makare. Baɗi in Allah ya kai mu za mu nome ta har iyaka, kuma ba mu mance ka."

Mai kaya a ka ba ya girgiza kai. Alhaji ya ce amin.